Kiran Ƙarfe Uku

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a shago

Littafin nan na saye shi ne don kalmomin da Injiniya zai koya mini. Gaba na darasi ne. Baya kuma zan riƙa rubuta abin da ba ni da wanda zan gaya wa.

Yau kwana biyar Auta tana kwance a asibiti a can. Ita ce ƙaramar 'yata, shekararta ta uku ke nan tana karatun likita a ƙasar da Sifaniyanci suke yi, ni kuwa ko gaisuwarsu ban iya ba. Ranar Alhamis ina cikin kwance kan wani keken ɗinki abokiyar ɗakinta ta kira ni, ta ce sun dawo daga aji sun same ta a kan gado ba ta tashi, an ɗauke ta. Na ce zazzaɓi ne? Sai ta ce, "Baba, gara ka yi magana da likita." Tun daga ranar sai gajeren saƙo take turowa, wai an tura ta aikin koyo wani gari.

Asibitin uba ko uwa kawai suke yi wa bayani, sau ɗaya a rana, ƙarfe tara na safiyarsu. A nan ƙarfe uku na rana ke nan.

Injiniya ne yake mini tafinta. Tsoho ne, ya yi ritaya daga aikin ruwan famfo, kuma a can ya yi karatunsa shekara arba'in da suka wuce. Kullum yana kan benci a ƙofar shagon ɗansa mai sayar da bututu, ƙofa uku daga tawa. Kunnensa na hagu ya daɗe da ajiye aiki, na dama ma yana shirin bin sa. Uku saura kwata yake shigowa, ya ture kwarkwaro da ƙusoshi gefe ya zauna a kan teburina, in faɗi sunana da na Auta, in miƙa masa waya.

Yau na duba agogo. Nas ɗin ta yi magana minti biyu da wani abu ba ta tsaya ba. Da ya kashe wayar na ce me ta ce? Ya ce, "Tana nan. Ana kula da ita."

Minti biyu, kalma shida.

Na ce ya koya mini yaren. Ya yi dariya ya ce ba a koyon harshe cikin mako guda, shi wata takwas ya yi kafin ya iya sayen burodi ba a yi masa dariya ba. Na ce ni ba harshe nake so ba, so nake in ji da kunnena abin da 'yata take yi da abin da ba ta yi. Ya daɗe yana kallon fanka. Daga baya ya ce to sai dai aikatau kaɗai, kuma na yanzu kaɗai, ba jiya ba gobe. Na ce yanzun nake so.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Darasin farko. Ya ce aikatau nasu gida uku ne: masu ƙarewa da ar, masu ƙarewa da er, masu ƙarewa da ir. Kowace kalma tana da gindi da wutsiya. Gindi ba ya motsi. Wutsiya ake cirewa a sa wata, ita ce take gaya maka wanda yake aikin. Ya ce ai sana'ata ce, keke ɗaya, allura ake canzawa.

Hablar, yin magana. Hablo, ina magana. Hablas, kana ko kina magana. Habla, yana ko tana magana. Hablamos, muna. Hablan, suna. Akwai wata kuma, habláis, ya ce mutanen can ba su damu da ita ba, in ƙyale ta.

Harafin farkon ba a furta shi, ablo ake cewa. Na ce to me ya sa suke wahalar rubuta shi? Ya ce in na je in tambaye su.

Na ce layi na uku kaɗai nake buƙata, tana kaza, tana kaza. Ya ce a'a, in ban san na farko ba, ranar da nas ta ce "hablo" zan ɗauka Auta ce ta yi magana in tara masa jama'a a banza.

Na lissafa masa waɗanda nake so. Respirar, numfashi. Escuchar, saurare. Comer, cin abinci: como, comes, come, comemos, comen. Beber, sha. Responder, amsawa. Da ya zo gida na uku sai ya rubuta vivir: vivo, vives, vive. Na ce mene ne? Ya ce rayuwa. Na ce ya nemo wani misalin. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ja layi a kai, ya rubuta abrir, buɗewa. Amma na riga na gani, kuma ya zauna mini a kai fiye da sauran.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma, a gida

Maman Auta ta sake tambaya. Na sake cewa zazzaɓi ne, an kwantar da ita a asibitin makaranta, kuma ba a barin waya a ɗakin. Hawan jininta na sa a gaba na yi wannan ƙaryar. Haka nake gaya wa kaina.

Tana zaune tana duba littattafan 'yan ajinta da jan biro. Ba ta ɗago ba ta ce, wane irin asibiti ne wannan da uwa ba za ta ji muryar 'yarta ba? Na ce ƙa'idarsu ce. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin na san shi shekara talatin da ɗaya.

Alhamis, ƙarfe uku da minti ashirin

Yau ni na riƙe wayar. Nas ɗin da take ɗauka kullum mace ce mai kaurin murya, kamar ta manyanta. Injiniya ya gaya mata zan gwada da kaina, ta yi mini a hankali.

Na ce, habla? Ta ce, "No, papá. No habla."

Come? No.

Respira?

A nan ta ja magana. Ban kama komai ba sai kalma ɗaya, máquina. Ba na buƙatar tafinta a wannan, shekara arba'in ina cikin mashin. Na juya na kalli Injiniya, shi kuma yana kallon siminti.

Ashe tun ranar farko na'ura ce take mata numfashi. Ya sani. Ya ce ya ga ba zan iya ɗauka ba. Ban yi masa faɗa ba. Na ce dai daga yau duk abin da aka faɗa ya juya mini shi yadda yake. Ya ce to, irin "to" ɗin da ni ma nake yi wa Maman Auta.

Juma'a, ƙarfe uku da kwata

No habla. No come. No responde.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Telar da take ɗinkin kayan makaranta ta dawo da kekenta, ranta a ɓace. Allura huɗu ya karya mata tun safe. Na buɗe ƙasa na duba, ni na saita shi a karkace. Ban taɓa yin haka ba ko ina ɗan koyo. Na ba ta haƙuri na gyara tana tsaye. Ta ce lafiya kuwa, na rame. Na ce mura.

Ina ɗaure ƙusa ina cewa respiro, respiras, respira. Sai da ta ce da wa nake magana na san a fili nake yi.

Kiran yau kamar na jiya. Na ƙara tambaya ɗaya, escucha? Nas ɗin ta ce wata kalma da Injiniya ya ce ma'anarta wataƙila. Ta ce in ina so za ta kara wayar a kunnen Auta in yi mata magana. Na ce gobe.

Lahadi, ƙarfe biyu da rabi

Na ce wa Maman Auta akwai aikin gaggawa a shago. Ta ce yaushe ka fara buɗewa ranar Lahadi? Na ce yau.

Lahadi, ƙarfe huɗu

Ta kara mata wayar. Ina jin na'urar, tana ja tana saki, tana ja tana saki, ba ta kuskure ko sau ɗaya. Injiniya ya tashi ya fita ya ba ni wuri.

Ban ce komai ba. Na buɗe baki, abin da ya zo mini shi ne maganar da na yi mata ta ƙarshe, kuma ina tsoron idan tana ji, muryata za ta tuna mata. Na tsaya ina sauraren na'urar har nas ɗin ta ɗauke ta ce, papá? Na ce gracias.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Tun bakwai nake ofishin fasfo. Nawa ya mutu shekara shida da suka wuce, ban ma sani ba, yana cikin akwati ƙarƙashin takardun makarantar yara. Layi ya fita har bakin titi. Na gaban nawa za shi bikin ƙaninsa, yana ta ba ni labarin hular da zai sa. Ni kuma ina bin tayil ɗin ƙasa ɗaya bayan ɗaya: abro, abres, abre, abrimos, abren.

Matar da ke taga ta uku ta karanta wasiƙar asibitin da Injiniya ya juya mini, ta kalle ni, ta sa jan tambari a kan fom ɗin ta ce in dawo ranar Alhamis ta sama. Bayan nan kuma sai biza. Na ce kwana nawa bizar take ɗauka? Ta ce wannan ba tagarta ba ce.

Ina lissafin kwanakin a hanya sai na zauna a kan dakalin wani kanti har mai kantin ya kawo mini ruwa.

Talata, ƙarfe uku da rabi

Yau na kama kalma da kaina, ba wadda na tambaya ba. A ƙarshen maganarta ta ce, "Esperamos, papá." Na ji wutsiyar, amos, na san mu ne. Mu duka, har da ita.

Injiniya ya ce esperar ma'ana biyu gare ta, jira da kuma sa rai. Na ce to wacce take nufi? Ya ce ba a ganewa, su kalma ɗaya suke da ita. Na ce ba zai yiwu ba, wanda yake jiran mota da wanda yake sa ran motar za ta zo ai ba ɗaya ba ne. Ya ce shi dai haka ya tarar da yaren.

Na rubuta ta sau goma sha biyu a gaban littafin. Ban san wacce nake rubutawa ba.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na tsare Injiniya a kan bencinsa. Na ce minti biyun nan na ranar Talatar farko, ban da maganar na'ura, me kuma ta ce? Ya ce ya manta. Na ce mutumin da yake tuna sunan kowane bawul na famfo da Sifaniyanci bayan shekara arba'in ba ya manta maganar mako ɗaya. Ya tura jikarsa da ke wasa kusa da shi ciki. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

Ya ce likita ce ta sa a yi mini tambaya biyu. Ta farko, ko Auta ta taɓa ƙoƙarin cutar da kanta haka a baya. Ta biyu, ko wani abu ya faru tsakaninta da gida a kwanakin nan.

Na ce me ka amsa musu?

"Na ce a'a, duka biyun. Na yi kuskure?"

Na ce ta farkon daidai ce. Na taso na dawo shago na ja ƙofar ƙarfen har ƙasa, na zauna a cikin duhun da rana tsaka.

Alhamis, ƙarfe uku da kwata

No responde. Esperamos.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na safe

Na fito daga wanka na tarar da littafin nan a kan tebur kusa da kofin shayina, a buɗe ta gaba. Maman Auta tana tsaye da kayan makaranta a jikinta, wayarta a hannu. Ta sa yatsa a kan kalma ɗaya ta ce ta duba ma'anarta.

"Baban Auta, mai zazzaɓi ake tambaya ko tana numfashi?"

Na zauna. Na gaya mata na'urar. Na gaya mata kwana goma sha biyar ne. Na gaya mata tambayoyin likita guda biyu. Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba, duk abin da nake tsoro bai faru ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauko maganinta na safe ta haɗiye ba ruwa. Ta ce tun ranar da na dawo gida da rigata a bai-bai ta san ba zazzaɓi ba ne, tana jira ne ta ga ranar da zan ɗauke ta a matsayin wadda ta haife ta.

Ta tambaye ni ko ta karanta baya. Na ce a'a, don Allah. Ta rufe littafin ta tura mini. Ta ce ƙarfe nawa ake kiran?

Asabar, ƙarfe huɗu

Ta zo shago tun biyu. Ta share kujerar da nake ajiye bel na kekunan ɗinki a kai ta zauna, ta ce Injiniya ya fara mata daga farko. Cikin awa ɗaya ta haddace abin da na yi kwana goma ina fama da shi. Har ta kama shi da kuskure, ya rubuta comimos a wurin comemos, ta ce ai ka ce gidan er da emos yake tafiya. Ya ce shi ya sa tun yana yaro yake gudun malaman firamare.

Na yi dariya. Sai kuma na ji kunyar dariyar.

Da aka kira na ce wa nas ɗin, la mamá escucha. Ta sauya murya ta ce, "Mamá." Ta kara wa Auta wayar. Maman Auta ba ta yi irin tawa ba. Ta yi mata magana kamar tana ɗakin tsakiya: kyanwar maƙwabta ta haihu a bayan tankin ruwa, yayarta ta yanke gashi bai yi mata kyau ba, an fenti ajinsu kore. Minti shida. Ta kashe, ta miƙo mini wayar, ta fita bayan shaguna. Ban bi ta ba.

Lahadi, ƙarfe uku da kwata

Babu canji. Na iya faɗar haka da wutsiya uku yanzu.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Injiniya ba ya nan, ɗansa ya kai shi a duba masa kunne. Mu biyu ne. Na kira, sai namiji ya ɗauka, muryar da ban taɓa ji ba, yana magana da gudu, bayansa ana ta hayaniya. Na faɗi sunana da na Auta. Na ji yana buɗe takardu. Sai ya ce, "No está aquí."

No na sani. Aquí na sani, nan. Ta tsakiyar tana cikin waɗanda Injiniya ya ce masu taurin kai ne, ba sa bin ƙa'ida, mu bar su sai gaba. Amma ba sai an koya mini ba. Ba ta nan.

Na ce habla? Ya maimaita, no está aquí. Na ce respira? Ya yi wata doguwar magana da babu wutsiya ɗaya da na sani a ciki. Duk kalmomin sun ƙare da sautin da ba a koya mini ba, kuma na tuna Injiniya ya ce in na ji haka to maganar abin da ya wuce ake yi. Maman Auta ta miƙe tsaye tana kallon bakina.

Kalma ɗaya ta rage mini, wadda aka ja wa layi. Na ce, vive?

Maman Auta ta san ta. Ta karanta ta ta ƙarƙashin layin tun ranar Asabar. Ta dafa teburin, kwalbar man keke ta faɗi ta malale a kan takardu, babu wanda ya ɗaga ta.

Mutumin ya ce wani abu mai kama da espera, ya ajiye wayar a kan wani abu mai tauri. Muna jin takalma suna wucewa, wani yana tura gado mai ƙara, wata tana dariya daga nesa. Agogon bango ya ce minti huɗu. Ban yarda da shi ba.

Sai muryar nan mai kauri, tana haki kamar ta hawo bene. "Papá. Vive. Vive, papá." Ta rage gudu, tana ajiye kalma ɗaya ɗaya kamar mai koya wa yaro tafiya. "Respira sola. No máquina. Abre los ojos."

Abre. Tana buɗewa. Ojos ban sani ba, Maman Auta ce ta ce idanu, ta duba jiya.

Ashe ɗaki aka canza mata, an sauko da ita daga wurin masu na'ura tun asubarsu. Na zauna a ƙasa cikin man keken. Maman Auta ta karɓi wayar tana ta cewa gracias, gracias, har kati ya ƙare.

Talata, ƙarfe uku da rabi

Bebe. Ruwa, cokali uku. No habla.

Laraba, ƙarfe huɗu

Habla. Kaɗan, da likitar da take zuwa ta zauna kusa da ita.

Na ce a ba ta wayar. Nas ɗin ta tafi, ta dawo, ta ce, "Pregunta por la mamá." Injiniya bai juya mini ba, ni ma ban nema ba. Preguntar tana shafi na biyu. Tana tambayar mamanta.

Na miƙa wayar na fita. Na tsaya a gaban shagon mai bututu ina karanta girman bututun da aka jera, rabin inci, inci ɗaya, inci ɗaya da rabi.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana

Fasfo ya fito. Hoton kamar na mahaifina a shekararsa ta ƙarshe.

Ina zaune a bencin ofishin, gara in rubuta shi a nan inda ba wanda ya san ni. Ranar Laraba, kwana ɗaya kafin a same ta, Auta ta kira ni. Ta faɗi wata jarrabawa karo na biyu. Ta ce ba ta barci, ta ce in ta shiga ɗakin marasa lafiya hannunta rawa yake yi, ta ce tana so ta dawo gida ko na shekara ɗaya ne. Tana kuka. Ni kuwa akwai mutum biyu a shago suna jira, kuma duk layin nan babu wanda ban gaya wa 'yata likita ce ba. Na ce mata ba ni da ɗakin wanda ya gudo. Na ce kada ta tako mini gida sai da takardar. Na kashe wayar na ci gaba da saita allura.

Ga amsar tambaya ta biyu.

Juma'a, ƙarfe shida na safe

Na gaya wa Maman Auta. Ta ce Auta ta riga ta gaya mata shekaranjiya Laraba da suka yi magana a waya. Ta zuba mini shayi ta ce in sha kafin ya huce. Ba ta ce mini "ba komai" ba, kuma na gode da ba ta ce ba.

Asabar, ƙarfe uku da kwata

Come. Camina, tana takawa daga gado zuwa taga. Habla. Da mamanta kaɗai.

Lahadi, ƙarfe uku da kwata

Da mamanta kaɗai.

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi

Suna cikin magana Maman Auta ta leƙo waje ta miƙo mini wayar. Na goge hannuna a wando na karɓa.

Numfashinta na fara ji, nata na kanta, ba daidai ba, yana sarƙewa. Muryar ta dushe saboda bututun da ya daɗe a maƙogwaronta.

"Baba."

Na ce na'am.

"Ba zan iya karatun nan ba."

Na ce na ji. Na ce ki dawo gida, Auta. Na ce maganar da na yi ranar nan ba ta da kyau, ni na yi ta, ba ke kika jawo ta ba. Na shirya fiye da haka, kwana huɗu ina shiryawa, amma iyakar abin da ya fito ke nan.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce nas ɗin ta gaya mata kullum wani tsoho yana kira yana yi musu ihun kalma ɗaya ɗaya, har masu aikin safe sun sa masa suna. Na ce wane suna? Ta ce ba za ta faɗa ba. Na ji kamar ta so ta yi dariya tari ya hana ta. Daga nan ta ce ta gaji, a ba mamanta.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Likitar ta yi magana da mu yau, Injiniya yana juyawa, Maman Auta tana tsare da shi da jan biro don kada ya rage. An ce bayan mako biyu za ta iya hawa jirgi in akwai wanda zai rako ta. Bizata tana hannun ofishin jakadancinsu, an ce ranar Litinin. An ce in ta dawo za ta ci gaba da ganin likita a nan, ba fashi. An ce watannin farko su ne abin tsoro. Kada a bar ta ita kaɗai ta daɗe, kada ta kulle kanta a ɗaki. A can sai da aka ɓalle ƙofa.

Na ɗauka tsoron zai tafi ranar da ta buɗe ido. Bai tafi ba, wuri ya canza.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma, a gida

Ban buɗe shago ba. Tun da Auta ta tafi na mai da ɗakinta wurin ajiye matattun kekuna, waɗanda masu su ba su dawo ba da waɗanda nake ciro kaya a jikinsu. Yau na fitar da su. Kai goma sha ɗaya, ƙafafun ƙarfe huɗu, buhu biyu na tarkace. Bayana ya riƙe tun a na shida. Gadon ya fito, katifar ta yi tabon mai a gefe ɗaya, na juya ta. Maman Auta ta kawo tsintsiya da bokiti, ta wanke tagar, ta ɗaura labulen da ta cire shekara uku da suka wuce.

Da ta fita zubar da ruwa na ɗauko sukudireba na tsaya a bayan ƙofar. Sakatar ciki ƙusa huɗu ce. Ni na ɗaura ta da hannuna ranar da Auta ta cika sha uku ta ce yayyenta suna shigo mata ba sallama. Uku sun fito da sauƙi, ta huɗun ta yi tsatsa sai da na ɗiga mata mai.

Maman Auta ta dawo ta same ni da sakatar a hannu. Ta kalli ramuka huɗun da suka rage a jikin katakon. Ta ce in toshe su in shafa fenti kafin ta iso, kada ta shigo su ne farkon abin da za ta gani.

Fentin da ya rage a gidan fari ne, ƙofar kuwa ruwan ƙasa. Gobe da safe zan fenti ƙofar gaba ɗaya.